Sabon filin ƙwallo: a cikin gari ko a bayan gari?

Sai Masu Gida:
Salam jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa da hujja ba da son kulob ba. Da a ce yau za a gina wa Kano sabon filin ƙwallo babba, irin mai cin mutum dubu 40 ko 50, ina ya kamata a ajiye shi? Ni dai a ganina a fitar da shi bayan gari, hanyar Zariya wajen Kwanar Dawaki, ko hanyar Wudil, ko can gaban Janguza. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya yi mana komai, an buga kofin duniya na matasa a 1999, an buga kofin Afirka a 2000, aka dawo aka buga na 'yan ƙasa da 17 a 2009, amma ku duba inda yake fa, ga asibitin Murtala ga filin Idi ga Kantin Kwari ga Wambai duk a cakuɗe wuri guda, ranar babban wasa ko keke ba ka da inda za ka jingine kuma babu ta inda za a faɗaɗa sai an rushe wa mutane. Ƙasashen da suka gina sabbi kwanan nan duk waje suka fita, Kodebuwa ta kai nata Ebimpe, Kamaru ta kai Olembe, Senegal ta kai Diamniadio. Mu me zai hana?

Mai Adaidaita:
Yallaɓai kafin a je da nisa ni lissafi ɗaya zan yi maka. Adaidaita mutum nawa take ɗauka? Ka ce huɗu in an matsu. Mutum dubu 40 kenan sawu dubu goma. Zuwan ma da sauƙi don kowa da lokacin da yake fita, wani tun azahar, amma tashi fa lokaci ɗaya ake tashi. Wasan ƙarfe huɗu ana gamawa dab da magariba, to waye zai kwashe dubu 40 daga Kwanar Dawaki a duhu? In kuma wasan dare ne ka tuna tun 2022 aka hana mu aiki bayan ƙarfe goma, acaɓa kuma tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja.

Gunners Har Abada:
Hhhh ya zo kare kasuwarsa

Mai Adaidaita:
A'a ɗan uwa, ai in don kasuwa ce ni nesa ta fi mini, kuɗin ya fi yawa. Yaron Fagge ko Yakasai ko Ƙoƙi nake tunawa wanda da ƙafa yake zuwa Ƙofar Mata, kuɗin tikiti kawai yake nema, shi ne kuma mai ihun da kake ji a filin. Ka ɗora masa kuɗin mota zuwa da dawowa ka gani ko zai zo, sai ya shige gidan kallo ya kalli firimiya.

Sai Masu Gida:
To ai gari yana bin gini. Lokacin da aka kai sabuwar jami'ar Bayero hanyar Gwarzo ba daji ba ne? Yanzu ka dubi Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Ɗanbare, gari ya kamo ta har ya wuce.

Malamin Makaranta:
Jami'a daban filin ƙwallo daban, Malam. Jami'a kullum da mutane, ɗalibai na neman ɗakin haya, ma'aikata na neman gida, mai abinci da mai fotokofi na samun ciniki daga Litinin zuwa Juma'a. Filin ƙwallo kuwa a lig mai kulob 20 wasan gida 19 ne a shekara, ka ƙara na kofi da ɗan abin da ba a rasa ba. Sauran kwana ɗari uku da wani abu fa? Ba wanda zai gina shago don ciniki na kwana ashirin.

Injiniyan Kaduna:
Malam ya taɓo wurin. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Kafin mu je Turai mu tsaya Abuja tukunna, don darasin yana gida. An gina babban filin Abuja don wasannin Afirka na 2003, yana cin mutum dubu 60 da ɗoriya, a bakin ƙofar gari kan hanyar filin jirgi, fili isasshe, wurin fakin isasshe, tituna manya-manya ta kowane ɓangare, duk abin da mai tambaya yake so akwai. An buga fainal ɗin 'yan ƙasa da 17 a ciki a 2009 lokacin da Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema. Bayan nan fa? Ciyawar ta lalace har sai da Dangote ya ɗauki nauyin gyara ta, Super Eagles kuma mafi yawan wasanninsu na gida Uyo suke tafiya. Ba rashin hanya ba ne ya kashe shi, rashin mai gida ne, babu babban kulob a Abuja da zai riƙa cika ko kwatan filin duk sati biyu. Ga shi ma har tashar jirgin ƙasa akwai mai sunan filin a layin cikin garin Abuja, amma layin sai 2018 aka buɗe shi, shekara 15 bayan filin, ya tsaya lokacin korona, sai 2024 ya dawo.
Wannan shi ne ciwon da na gani kusan ko'ina a wajenmu, ana fara gina filin saboda gasa ta matso kuma akwai wa'adi, hanyar zuwa kuma a ce tana tafe. A tsari na gaskiya baya ake farawa. Ka fara tambayar yadda mutum zai koma gida, sannan ka zana kujerarsa.

Ɗan Birikitari:
Gaisuwa daga Yawunde. Tunda an ambaci Olembe bari in sa baki don a garinmu yake. Filin yana arewa da gari kan hanyar Obala, wajen kilomita 13 daga tsakiya, mutum dubu 60 yake ɗauka, kuma maganar gaskiya yana da kyau ba ƙarya. Amma ranar 24 ga Janairu 2022, wasan Kamaru da Komoros a gasar kofin Afirka, mutum 8 suka rasu a turmutsutsu a ƙofar kudu. Shugaban hukumar ƙwallon Afirka CAF Patrice Motsepe da bakinsa ya ce akwai ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take aka rufe, kuma aka ɗauke wasan kwata fainal daga nan aka mayar tsohon filin Ahmadu Ahijo na cikin gari, duk da daga baya an dawo an buga fainal a Olemben. Abin da nake so ku lura, mai fitowa daga gari ta kudu yake isowa, to duk ƙofofin da aka yi kewaye da fili ba su da amfani in jama'a ta fuska ɗaya suke kwararowa kuma dab da take wasa. Fili a bayan gari yana da wannan halin, gari yana gefe ɗaya ne, ba kewaye yake da shi ba.

Hajiyar Zango:
Allah ya jiƙansu. Amma ƙanina kar a ɗora wa bayan gari laifin duka. Mu a Ankara filinmu a tsakiyar gari yake, kuma 9 ga Mayu 2001 wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko sama da mutum 120 suka mutu, an harba barkonon tsohuwa mutane suka ruga suka tarar da hanyar fita a toshe. Da yawa daga cikinsu yaran Nima ne, har yau akwai gidajen da in watan ya kama sai an yi kuka. Abijan ma a 2009 wasansu da Malawi mutum 19 suka tafi, a filin Houphouet-Boigny da yake unguwar Plateau a tsakiyar gari. Ƙofa in an rufe ta a ko'ina kisa take.

Ɗan Birikitari:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Ni dai abin da nake nufi mai zane ya san ta ina mutane za su ɓullo.

Injiniyan Kaduna:
Ku biyun duk kuna kan hanya. A ƙa'idar da Ingila take bi, kuma ƙasashe da yawa suka ara, ana so a ce cikin minti 8 'yan kallo sun iya barin kujerunsu sun shiga hanyar fita ba tare da cunkoso ba. To amma fita daga gini ba ita ce ƙarshe ba, in sun fito ina za su zuba? Nan ne bayan gari ya fi cikin gari in an yi da hankali, don kana da filin da za ka bar sarari. Misalin da nake so shi ne na Bayern. A 2005 suka koma Allianz Arena can gefen arewacin Munich a unguwar Fröttmaning, mutum dubu 75 yake ci a wasan lig, an ajiye shi daidai mahaɗar manyan tituna biyu, kuma layin jirgin ƙasa na U6 yana wurin tun kafin filin, faɗaɗa tashar kawai aka yi. Dabarar da ta fi burge ni, ba a manna tashar jikin filin ba, sai ka yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa a kan wani faffaɗan dandali, ƙarƙashinsa kuma wurin fakin ne na mota kusan dubu goma. Wannan tafiyar ita take warware taron, mai sauri ya yi gaba, mai yara ya biyo a hankali, kafin a isa tasha an zama layi ba dunƙule ba.

Gunners Har Abada:
Injiniya Jamus kake kawo mana fa, mu da ko bas ɗin haya mai lokaci ba mu da shi. Ni dai Arsenal da ta tashi barin Highbury a 2006 ba ta je ko'ina ba, taku kaɗan ta yi ta gina Emirates a unguwar. Ko maƙiyanmu Tottenham a wurin tsohon nasu suka gina sabo a 2019. West Ham ce ta bar Upton Park a 2016 ta koma filin Olamfik na Landan, kuma ka ji yadda magoya bayansu suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru.

Bianconeri Ɗan Sabon Gari:
Ƙorafin West Ham rabinsa ba na nisa ba ne ai, na zanen filin ne, don gudu aka gina shi, kujeru sun yi nesa da ciyawa. Mu Juventus mun sha wannan. Delle Alpi an gina shi don kofin duniya na 1990 a gefen Turin, mutum kusan dubu 69, ga layin tsere ya kewaye fili, kana zaune kamar kana leƙen wasan maƙwabta ta katanga. Mutane suka ƙaurace, kowa ya ce ai nisa ne ai sanyi ne. Aka rushe shi aka gina sabo a daidai wurin, ba a matsa ko'ina ba, aka buɗe a 2011, aka rage shi zuwa dubu 41, aka cire layin tseren aka matso da kujeru. Sai ga shi yana cika. Nisan bai canja ba fa.

Malamin Makaranta:
Wannan misalin ya yi. Kuma ya dawo da mu kan lambar da mai tambaya ya fara da ita, wa ya ce sai dubu 50? Uyo dubu 30 ne kuma shi ne yanzu gidan Super Eagles. Ƙaramin da yake cika ya fi babban da ake ɗaukar hotonsa wayam.

Sai Masu Gida:
Haba Malam, Kano fa ake magana. Kano Pillars, kulob ɗin da ya ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya fitar da Al Ahly ya kai dab da na ƙarshe a Afirka a 2009. In ka ba mu dubu 50 wlh za mu cika.

Malamin Makaranta:
Ranar Enyimba ko Rangers za ku cika, ban yi musu ba. Ranar Laraba da rana da kulob ɗin da yake ƙasan tebur fa? Kuma a Ƙofar Mata kuke cikawa, inda mutum zai rufe shago a Kwari ƙarfe uku da rabi ya taka da ƙafa. Ka tuna lokacin da aka mayar da filin wurin killace masu korona a 2020 Pillars ta koma buga wasan gida a Kaduna, ai ka ga yadda gida ya daina zama gida.

Sai Masu Gida:
Kaduna kilomita 200 da wani abu ce, kar ka haɗa da Kwanar Dawaki mana

Ɗan Yamai:
Sannunku 'yan uwa. Mu namu Seyni Kountché a cikin Yamai yake, tun 1989, an yi wasannin Farankofoni a 2005 a ciki, an yi kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20 a 2019 tare da Maraɗi. Kabu-kabu ko taksi kaɗan ka isa, da maraice kuma za ka ga mutane suna motsa jiki a harabar. Amma duk da haka Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta yi ta buga wasan gida a Kwatano da Maroko saboda CAF ba ta amince da filin ba. To kun ga zama cikin gari bai hana tsufa ba. Ni abin da zan ce duk inda za ku ajiye shi ku tambayi wa zai biya kuɗin ruwa da wuta da gyaran ciyawa shekara goma masu zuwa.

Gunners Har Abada:
Gsky ne, filin Surulere ma ai tsakiyar Legas yake, can muka ɗauki kofin Afirka a 1980, ka je ka ga yadda ya koma

Injiniyan Kaduna:
Maganar ruwa ma babba ce kuma ba a cika kawo ta ba. Ciyawa ta gaske a ƙasarmu wata bakwai zuwa takwas ban ruwa take so, ga hunturu ga zafin bazara, to kafin a zaɓi wuri sai an san akwai ruwa a ƙasa ko akwai dam kusa, ba a gama gini a koma sayen tanka ba. Damina kuma akasin haka, ina ruwan zai bi ya fita. Ebimpe da mai tambaya ya yaba, an buɗe shi a Oktoban 2020, amma a Satumban 2023 wasan sada zumunci da Mali sai da aka tsayar da shi saboda ruwan sama ya kwanta a fili, wata huɗu kafin gasar kofin Afirka. Sun gyara kam, an buɗe gasar a can aka rufe a can, mu ma ba za mu manta 11 ga Fabrairu 2024 ba, da Kodebuwa ta ci mu biyu da ɗaya a fainal. Amma ku tuna wasanmu na farko da Ikwatoriyal Gini a wannan filin, kujeru nawa ne babu kowa? Kuma jirgin cikin gari na Abijan da zai tashi daga Anyama kusa da filin ba a gama shi ba lokacin gasar. Senegal ce ta ɗan yi abin a jere, jirgin TER daga Dakar zuwa Diamniadio ya fara aiki a Disamban 2021, filin Abdoulaye Wade aka buɗe shi a Fabrairun 2022, kuma ba shi kaɗai aka jefa a daji ba, sabon gari ake ginawa a wurin da ma'aikatu da zauren taro.
Akwai ma ƙananan abubuwa, kamar fuskar fili, ana so raga ɗaya ta kalli kudu ɗaya arewa don kar ranar la'asar ta shiga idon gola. A cikin gari wani lokaci filin da ka samu shi zai tilasta maka, a waje kai za ka zaɓa.

Maman Abba:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Tun ɗazu ina karantawa kowa na cewa bayan gari akwai fili, akwai fili, kamar ba na kowa ba ne. Gonakin mutane ne fa, gadon iyaye da kakanni. Mu 'yan karkarar Kano ne kuma mun san yadda abin yake, ana zuwa da igiya da fenti a ce gwamnati na so, dokar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko, diyya kuma ta abin da ke kan ƙasa ake lissafawa, bishiya da amfanin gona da gini, to mai gonar gero da aka zo bayan girbi me za a lissafa masa? Kafin ma a sanar dillalai sun ji ƙishin-ƙishin sun zo sun saye na gefen da araha, bayan shekara biyu su yanka awon igiya su sayar ninki goma. Ga burtalin Fulani in ya bi ta wurin shi ma ya tafi. Filin ƙwallo da wurin fakin da hanyoyi ba kadada biyu ko uku ba ne. In za a yi a yi, amma a sa 'yan garin a ciki, a ba su rumfuna, a ɗauki yaransu aiki, ba su zama masu leƙe ta waya ba.

Hajiyar Zango:
Allah ya yi miki albarka 'yar uwa. Kuma a tuna da mata masu sayar da abinci da ruwa a bakin fili, in an kai nesa aka kewaye da katanga aka ba wa manyan kamfani shaguna, su shikenan.

Sai Masu Gida:
Maman Abba wannan gaskiya ce, amma faɗaɗa na cikin gari ma ai rusau ne, kuma diyyar gida a Fagge ta fi ta gona nesa ba kusa ba. Ko ta ina sai an taɓa wani.

Ɗan Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne bari in faɗi nawa. Kuna cewa ranar wasa ana cunkoso a Ƙofar Mata, eh ana yi, amma awa uku ne sau biyu a wata, cunkoson da muke sha kullum ba ƙwallo ce ta kawo shi ba. Abin da ni nake tsoro daban ne, ranar da aka ce an gina sabo a waje, me za a yi da tsohon? Fili irin wannan a tsakiyar kasuwanni, kun san idon da ke kansa. Shaguna za a yanka, yaran cikin birni su rasa wurin da ya rage musu.

Gunners Har Abada:
Kai da kanka za ka fara kama shago biyu hhhh

Ɗan Kwari:
Uku ma in an ba ni, shi ya sa nake gaya muku kar a bari

Admin:
Jama'a a ci gaba amma banda siyasar jam'iyya, na goge saƙo biyu yanzu. Wanda ya sake kawo sunan ɗan takara zan cire shi.

Mai Adaidaita:
Injiniya tambaya. In dole sai an fita, wace hanya ce ta fi?

Injiniyan Kaduna:
Ni ba zan zaɓi wuri a waya ba, sai an auna ƙasa an ƙirga motoci. Amma ba zan je can ƙurya ba, zan nemi bakin gari ne jikin baifas, inda mai fitowa daga Hotoro da mai fitowa daga Na'ibawa da baƙin Wudil ko Zariya kowa zai shigo ta hanyarsa ba sai an haɗu a titi ɗaya ba, aƙalla hanya uku mabambanta, ɗaya a ware ta don motar asibiti da 'yan kwana-kwana. A yi tashar bas da ta adaidaita da ɗan nisa daga get kamar yadda na faɗa na Munich, a sa fitila a hanyar, a yi masallaci da wurin alwala mai ɗaukar jama'a tunda lokacin tashi shi ne lokacin magariba. Dubu 25 zuwa 30, ba layin tsere, a bar gurbin ƙari nan gaba. Kuma a haɗa shi da abin da ke kawo mutane kullum, makaranta ko kasuwa ko tashar mota, kamar yadda aka kai 'yan magani Dangwauro. Ƙofar Mata kuma a bar wa Pillars wasannin sati-sati.

Malamin Makaranta:
To in Pillars ta zauna a Ƙofar Mata, sabon wa zai riƙa bugawa a ciki? Ka dawo da mu Abuja kenan Injiniya, fili ba mai gida.

Injiniyan Kaduna:
Manyan wasanni da na Afirka da Super Eagles in an samu.

Malamin Makaranta:
Sau nawa a shekara?

Sai Masu Gida:
Malam kai dai ba ka son sabon filin nan kawai

Malamin Makaranta:
Ina so mana, lissafin nake so ya fita. Injiniya in kana da hali ka kwatanta mana kuɗin gyara Ƙofar Mata ya kai matakin CAF da kuɗin sabo har da hanyoyinsa da diyyar su Maman Abba, sai mu ɗora daga nan.

Injiniyan Kaduna:
Sai na samu girman harabar tukunna. Akwai wanda yake kusa da zai duba mana ƙofa nawa ake buɗewa ranar wasa, kuma wace hanya kowacce take kallo?

Mai Adaidaita:
Wasan gida mai zuwa ina wurin insha Allah, zan zagaya in ƙirgo.